Za Su Ɗauke Min Byabato

Litinin, 3 ga Yuli, da hantsi

Kai mai leƙen littafin kakarka, na san za ka buɗe, jinin gidan nan ba ya ganin abu a rufe ya wuce. To tunda ka buɗe, cinka wannan: ba ta da ƙafa, ba wanda ya taɓa ganin ta motsa, amma inda ka bar ta ba nan za ka tarar da ita ba. In ka kasa ka ba ni gari. Ban da birnin Dar, na ƙoshi da abin da ke zuwa min daga can.

Abin da ya zo min daga can jiya shi ne ɗana Mutalemwa, da tumbinsa da wayoyinsa biyu. Ya durƙusa ya gaishe ni, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na miƙa masa gahawar tauna da muke tarbar baƙo da ita, ko ɓarewa bai yi ba ya fara:

"Mama, albishirinki. An tuna da Baba."

Na ce, "Da an manta da shi ne? Ni dai kullum safiya sai na je na yi masa faɗa."

Wai wani kwamiti ne ya gina wurin tunawa a Bukoba, bakin tafki, duk siminti da dutse mai sheƙi, saboda waɗanda suka yi abin kirki a yaƙin Kagera ba tare da kakin soja ba. Ranar ashirin da biyar ga wata, ranar jarumai, za a buɗe. Kuma so suke a tono ƙasusuwan mijina Byabato daga gonarmu a kai can.

Na ce a'a. Ya ce ai ya riga ya amsa musu, shi ne magaji. Haka ne kuwa. Gona ta magaji ce, abin da ke kwance a ƙasarta ma nasa ne. Ni 'yar share ganye ce.

Talata, 4 ga Yuli, da la'asar

Na tuna masa abin da ubansa ya faɗa, ba sau ɗaya ba: "Kokutona, in na mutu kada a ɗora min siminti, na taɓa ɗanɗanawa." Shi ya sa muka sa shi a cikin gona kamar na da, muka dasa ayaba a kansa, muka kafa gicciyen katako. Gara ta cinye gicciyen tun tuni, Allah ya sa ta ƙoshi.

Mutalemwa ya yi dariya. "Mama, Baba ai komai wasa ne a wurinsa."

Na ce, "Kai ma wasan ne ya kawo ka duniya, ga ka nan ka zama gaskiya."

Bai ji daɗi ba. Ko oho.

Alhamis, 6 ga Yuli, da yamma

Mun je asibiti ni da Kemi, jikata 'yar Mutalemwa, wadda ke koyarwa a makarantar bakin hanya. Ɗan acaɓa ya girgiza min 'yan hanji. Likita ya faɗi abin da ya faɗa. Na sa Kemi ta rantse ba za ta gaya wa ubanta ba. Tana ta kuka a titi sai ka ce an ƙwace mata miji.

Jumma'a, 7 ga Yuli

Ba na son abinci. A daina tambaya ta.

Litinin, 10 ga Yuli, bayan azahar

Shugaban kwamitin ya zo, Baba Kaijage, tsohon hedimasta, da kwat a cikin wannan rana. Wai ya zo in ji jawabin da zai yi, in sa albarka. Ya miƙe tsaye a tsakar gidana, ya gyara murya, kaji suka watse.

A jawabinsa jirage biyar ne suka zo. Byabato ya fito da mutum talatin daga wuta. Da aka zaro shi daga ƙarƙashin bango, wai ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙasata ta fi raina."

Na ce, "Malam, wannan wane ne? Ka nuna min shi in aura, ni ba shi na aura ba."

Bari in rubuta yadda aka yi, tun kafin jiragen su kai ɗari.

Byabato gyaran keke yake yi. Da yaƙi ya taso ya je shiga soja aka koro shi, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya. Sai ya shiga 'yan sa kai na gari. Aikinsa shi ne in ya ji ƙugin jirgi ya buga wani ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro, ya hura usur, ya kora mutane cikin ramukan da aka haƙa. Usur ɗin ma na alƙalancin ƙwallo ne, aro ya yi. Mutane sun gaji da shi, don ko babbar mota ta yi gyatsa sai ya buga. Sau nawa na bar tukunya a wuta na tsunduma rami da Mutalemwa a baya, ashe motar kifi ce.

Ran da abin ya zama gaske jirgi ɗaya ne, daga wajen Uganda, da hantsi. Ɗaya ma ya isa. Ban san me yake nema ba, abin da ya samu dai rumbun ƙungiyar manoma ne, inda mata ke tsintar gahawa. Rufi ya rufta, buhuna suka kama wuta. Kowa yana cikin rami, har da ni. Na ɗaga kai na hango mijina da ɗingishinsa yana gudu, amma ba wajenmu ba. Na ƙwala masa kira, na zage shi da sunan dangin uwarsa, bai waiwayo ba. Ya tsoma buhu a durom ɗin ruwa ya lulluɓa, ya shige.

Mata shida ya fito da su, ɗaya bayan ɗaya, wata a baya, wata jan ta ya yi da ƙafa kamar akuya. Sai wata cikinsu ta ce 'yarta na ciki, ta kawo mata abinci. Ya koma. Bango ya bi shi.

Sai da rana ta karkata maza suka kai gare su da fartanya da hannu. Suka tarar ya yi goho a kan yarinyar, bangon yana bayansa. Yarinyar ita ce Nyamichwo, maƙwabciyata ta yanzu, mai kajin da ke cinye min wake. Rabin fuskarta ya ƙone, hannu ɗaya ya shanye, amma ta rayu. Shi kuwa da aka zaro shi ya buɗe ido, ya dube ni, ya ce, "Ina takalmina ɗaya?"

Wannan shi ne jawabinsa. Sabo ne takalmin.

Kwana da kwanaki garin yana ƙamshin soyayyar gahawa. Daga ranar bai ƙara miƙewa sosai ba, kunnen hagu ya mutu, kuma bai ƙara sa gahawa a baki ba har ya koma ga Allah. Ka je gidan mutane a miƙo maka gahawa ka ce a'a! Shekara da shekaru ina bin sa ina ba da haƙuri.

Baba Kaijage ya saurara har ƙarshe, ya share ido, ya ce, "Mama, takalmi ba zai shiga jawabi ba."

Na ce, "Ai shi ma bai shiga ƙafar ba, ba a gan shi ba har yau."

Laraba, 12 ga Yuli, da safe

Na je na zauna wurin tsohon kamar kullum. Na ce masa, kai ka jawo. Da ka shiga rami kamar masu hankali da yanzu ba mai neman ƙashinka. Bai ce komai ba. Da ma da kunnen hagu yake saurare na.

Zanina ya fara zagaye ni sau biyu.

Jumma'a, 14 ga Yuli

Na tambayi Mutalemwa, a wurin nan na bakin tafki, mutum nawa yake ci? Ya ce jarumai huɗu, kowa da ɗakinsa. Na ce huɗu kawai? Ya ce huɗu kawai, me ya sa? Na ce ba komai.

Litinin, 17 ga Yuli, da yamma

Sun zo. Samari uku daga gari da shebur da diga, da Fada daga coci, da wani mai takardar izini, da farin akwati ƙarami kamar na ajiye kaya. Mutalemwa ya shige gaba cikin gona yana ɗaga ƙafa kada takalmi ya ɓaci. Ya je ya tsaya gindin ayabar da muka dasa wa ubansa, mai jan jiki, ita kaɗai ce irinta a gonar, ya ce, "Nan ne. Da hannuna na dasa ta a kansa."

Gaskiya ya faɗa, da hannunsa ya dasa. Bai tambaye ni ba. Ni ma ban ce komai ba.

Tun da asuba na shimfiɗa tabarma a ɗan filin da rana ke faɗowa, na baza gahawar da na tsinko ta sha iska, na ajiye kujerata a gefe. Nan na zauna ina kallon su. Suka sare ayabar, suka haƙa. Suka haƙa. Jar ƙasa ta fito, saiwa ta fito, wata tsohuwar fartanya da nake nema tun bara waccan ta fito. Ramin ya shanye mai haƙa har wuya. Fada ya gama addu'o'in da ya zo da su ya koma farko.

Ba Byabato.

Yana ƙarƙashin tabarmata. Ka yi haƙuri tsoho, yau abin da ka tsana shi ya rufa maka asiri.

Mutalemwa ya zo ya tsaya a kaina, gumi har cikin kunne. "Mama, ina Baba?"

Na ce, "Kai ne magaji. Ni 'yar share ganye ce."

Rabona da in ci abinci kamar yau na manta. Ayaba da wake, har da ƙari.

Talata, 18 ga Yuli, da azahar

Ana wata ga wata. Kemi ta dawo daga makaranta da labari. Masu haƙan nan sun tsaya shan giyar ayaba a bakin hanya, suka ce kabari ba kowa. Kafin gari ya waye an gano wanda ya ɗauke shi. Wai Nyamichwo ce. Wai a duba gonarta, mace ita kaɗai da hannu ɗaya, amma ayabarta ta fi ta kowa, to wa ke yi mata noma? Wai tun ranar jana'iza ta tashe shi, ta yanke masa harshe, yana yi mata aiki in mutane sun kwanta.

Byabato! Mutumin da yana raye ma sai na yi kamar zan yi kuka kafin ya ɗauki fartanya. In da gaske ta sa shi noma to ta ba ni maganin, na yi asarar ƙuruciyata.

Saniya gare ta, jama'a. Kashin saniya ne takin ayabarta.

Na yi dariya, Kemi ba ta yi ba.

Laraba, 19 ga Yuli

Ba wanda ya sayi madarar Nyamichwo yau. A coci an bar mata benci ita kaɗai. Dattawan da suka haƙa kabarin nan duk sun bi Byabato lahira, sai Baba Rugaimukamu, shi kuma ko sunan matarsa sai an tuna masa.

Ba ruwana. Ni ban ce a zargi kowa ba.

Alhamis, 20 ga Yuli, da yamma

Ranar komawa wurin likita ce. Ban je ba. Me zai faɗa wanda bai faɗa ba?

Daga nan ina jin duwatsu a kan kwanon ɗakin Nyamichwo. Ba yara kaɗai ba ne.

Jumma'a, 21 ga Yuli, da hantsi

Na lallaɓa na tsallaka. Tafiyar da da nake yi da tukunya a ka, yau sai da na huta a hanya. Na tarar da ita tana tsince duwatsu a tsakar gida tana tarawa, goshinta ɗaure da tsumma. An sare mata ayaba kusan goma, suna kwance da 'ya'yansu ɗanye.

Na ce, "Ke mayya, ina kwana."

Ta ce, "Lafiya lau, uwar makirci. Gahawarki ta bushe?"

Ta sani. Ai dole, duk shekara ita ke zuwa ta cire ciyawar wurin, tana yi kamar kajinta take nema.

Na ce, "To me ya hana ki faɗa musu? Kin ga sun fasa miki kai."

"In faɗa su ɗauke shi?"

"Ina ruwanki? Mijinki ne?"

Ta ajiye dutsen hannunta. Ta ce, "Yaya Kokutona, mutumin nan bango ya ɗauka a bayansa wuni guda saboda ni. Ina jin numfashinsa a wuyana, yana ce min kada in yi barci, yana tambaya ta sunayen awakinmu. Ni ba zan iya ɗaukar 'yan duwatsu a kwano ba? Ya ce ba ya son siminti. Ki koma gida ki yi shiru."

Sai ta kalle ni da idonta mai kyau, daga sama har ƙasa. Ta ce, "Kuma ke kin rame."

Na ce kajinki ne suka cinye min wake.

Kai, mutane masu taurin kai sun ishe ni. Shi ya shiga wuta ba a aike shi ba, ita za ta zauna a ƙone ta a ɗaki ba a roƙe ta ba. Jiya na ji wani yana maganar fetur. Wato ya fito da ita daga wuta ne don ni in mayar da ita?

Asabar, 22 ga Yuli, da la'asar

Mutalemwa ya shirya zai je wurin mai unguwa a kira Nyamichwo ta yi bayani. Na ce ya zo ya riƙe ni mu shiga gona. Ya riƙe hannuna, sai na ga ya kalli hannun, ya kalle ni. Na ce tafi mana, ba a taɓa ganin tsohuwa ba?

Na sa ya kwashe gahawar, ya naɗe tabarmar. Na ce, "Ga ubanka. Kansa nan, ƙafarsa can. Ba inda ya je. Ka gaishe shi."

Ya dubi wurin, ya dubi raminsu can gefe. "Amma Mama, ayabar…"

"Bar ayaba. In ba ka yarda ba ka tona kaɗan ta nan, za ka tarar da gindin gicciyen, gara ba ta son ƙusa."

Ya tona da yatsunsa masu zobe. Ya samu.

Sai faɗa. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na kunyata shi gaban Fada, gaban kwamiti, na sa an kusa kashe baiwar Allah. Na bar shi ya gama, don ba ƙarya ya yi ba. Ya ce gobe Lahadi, jibi masu haƙa za su dawo, kuma su fara cike wancan ramin kafin wani ya karye.

Na ce, "Ku ɗauke shi, kai ne magaji. Amma wancan kada a cike."

"Saboda me?"

"Nawa ne. An riga an sha wahalar haƙa, a bar shi. Likita ya ce ba zan kai lokacin kamun fara a Nuwamba ba."

Ya ce wane likita. Ya ce tun yaushe. Ya ce Kemi ta sani? Na ce ka bar yarinya, ni na ɗaure mata baki.

Na ce, "Da na ɗauka zan kwanta kusa da shi in ci gaba daga inda na tsaya, akwai maganganun da bai ji ba. Amma ka ce ɗaki huɗu ne a can, ba na matan jarumai. To shi ke nan. Ku dai sa shi ta inda kunnen dama zai fuskanci gida."

Ya zauna daɓas a ƙasa da farin wandonsa. Ƙaton mutum, mai wayoyi biyu. Na ce tashi, tururuwa za su shige maka. Bai tashi ba. Ya kifa kai a cinyata kamar ranar da muke cikin rami, sai dai yanzu kan ya yi nauyi, kuma ba gashi.

Lahadi, 23 ga Yuli

Bayan coci ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wa jama'a magana. Ban je ba, Kemi ce ta ba ni labari. Ya ce shi ya nuna wurin da ba shi ba, ubansa yana nan inda yake, mai shakka ya zo ya gani. Daga nan ya wuce gidan Nyamichwo ya durƙusa. Wai ta bar shi a durƙushe har ta gama tatsar saniya.

Masu jifa kuwa yau kowa cewa yake shi da ma bai yarda ba. Duwatsun ne suka jefa kansu.

Litinin, 24 ga Yuli, da safe

Na shirya tun da wuri, na zauna wurin tsohon ina jiran masu haƙa. Na gaya masa ya yi haƙuri, na yi iyakar yi na. Har rana ta take ba kowa. Sai ga Mutalemwa shi kaɗai, ɗauke da kwanon rufi a ka, ya ɗora a bakin ramin, ya danne da duwatsun da ya kwaso daga gidan Nyamichwo.

Na ce, "Ina mutanenka?"

Ya ce, "Na gaya wa Baba Kaijage ya rubuta suna a jikin dutse, ya ishe su. Baba ba ya zuwa ko'ina." Ya gyara kwanon da ƙafa, bai kalle ni ba. "Kuma ranar Alhamis ni zan kai ki asibiti. Kada ki ce min komai."

Ban ce komai ba. Na ce dai kwanon a karkace yake.

Talata, 25 ga Yuli, da yamma

An yi taronsu. Kemi ta ce jiragen sun zama bakwai.

Laraba, 26 ga Yuli, da hantsi

Na leƙa ƙarƙashin kwanon. Yaran nan ba su iya haƙa ba, gefe ɗaya ya fi faɗi, kuma ta wajen kunnensa na hagu ne. Haka zan yi ta magana har tashin ƙiyama yana yi kamar bai ji ba. Ba komai, na saba.

A bakin ramin, inda suka sare jar nan, wata 'yar ƙarama ta ɓullo. Na tura mata ƙasa da ƙafa.

Kai kuma mai leƙe, na san ka kasa, riƙe garinka. Ayaba ce. Sau ɗaya take haihuwa a sare ta, 'yarta ta fito a gefenta, ita ma ta haihu a sare ta, tata 'yar ta fito a gefe. Kowace shekara taƙi guda. Tamu ta bar kan Byabato tun jikokina ba su yi haƙori ba.